Karayar da Ba a Jera Mata Kara: Sana'ar Likitocin Gindin Ƙoƙon Kai

Duk garin da ka shiga a ƙasar Ungogo, daga Fanisau zuwa Rangaza, daga Karo zuwa Yadakunya, in ka tambayi gidan ɗori, yaro ƙarami ma zai nuna maka. Sana'a ce ta gado, jama'a kuma sun saba da ita. Hannu ya karye, ƙafa ta goce, an yi targaɗe a wurin ƙwallo, sai a nufi gidan maɗori ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi, ya ce a dawo bayan kwana kaza. Amma akwai ƙashi guda a jikin ɗan Adam da hannun maɗori ba ya kai gare shi. Ba a jansa, ba a jera masa kara, ba a ma ganin inda ya karye. Shi ne gindin ƙoƙon kai, shimfiɗar ƙashin da ƙwaƙwalwa take zaune a kanta.

Masu wannan aiki su ne likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, su da abokan aikinsu. Mutane da yawa suna zaton sana'arsu fasa kai ce kawai. Ba haka ba ne. A wannan irin karaya, mafi yawan aikin na ido ne da kunne da haƙuri, wuƙa ba ta fitowa sai ta zama dole. Gwaninta tana wurin gane abin da ya ɓuya, da sanin ranar da za a jira da sa'ar da jira zai zama kisa.

Ƙashin da ake aiki a kansa

In aka ɗage ƙwaƙwalwa aka leƙa ƙasan ƙoƙon kai, za a ga shimfiɗa mai hawa uku, kowane hawa ya fi na gabansa zurfi. Hawan gaba shi ne rufin ramukan idanu da saman hanci. Ƙashinsa siriri ne ƙwarai, a tsakiyarsa kuma akwai wani yanki mai ƙananan huji, ta nan zarurrukan jijiyar jin ƙamshi suke sauka cikin hanci. Hawan tsakiya yana daidai kunnuwa. A cikinsa aka ɓoye kayan ji da kayan daidaita tsayuwar jiki, ta cikinsa jijiyar da take motsa fuska take ratsawa, haka ma manyan jijiyoyin jini biyu da suke hawowa daga wuya. Hawan baya yana wajen ƙeya, kuma a nan babbar kafa take, inda ƙwaƙwalwa take haɗuwa da laka. Jijiyoyi 12 a dama, 12 a hagu suke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kowace kuwa sai ta bi ta wata kafa a wannan shimfiɗa kafin ta isa ido ko kunne ko harshe ko maƙogwaro.

Saboda haka tsagewar ƙashin ita kanta ba ita ce babbar damuwa ba, domin yakan haɗe da kansa. Abin tsoron shi ne maƙwabtansa. Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani mai kauri, tana kuma iyo cikin wani ruwa garai. Babban mutum yana ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa a kowane lokaci, jikinsa kuma yana samar da wajen mililita 500 a yini. A gindin kai tantanin manne yake da ƙashi sosai, don haka in ƙashin ya tsage, sau da yawa shi ma sai ya yage. Nan take hanya ta buɗe tsakanin ƙwaƙwalwa da hanci ko kunne. Ruwa ya samu mafita, ƙwayoyin cuta kuma sun samu mashiga, tun da sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙarshen abin, in ba a kula ba, sanƙarau ne. Ba irin na annoba ba, kamar wanda Kano ta gani a 1996, wannan daga ƙwayoyin da suke zaune a hancin mutum da maƙogwaronsa yake tasowa, kuma yana iya dawowa sau da sau muddin kafar tana buɗe.

Ta inda raunin yake zuwa

Ungogo ƙasa ce da gona take manne da gona, gari yake manne da gari. Ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum 360,000, daga lokacin kuma birni bai daina cin gonaki ba ta wajen Bachirawa da Rijiyar Zaki da Kadawa da Tudun Fulani. Mutumin da ya yi sammakon noman gero da asuba, da hantsi yana kan babur zai kai kaya kasuwa ko zai tafi leburanci cikin birni. A titin Katsina zai haɗu da tirela da tifar yashi da kurkura da adaidaita sahu, kowa yana sauri. Tun watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni da kewaye, amma babur bai daina zama ƙafar talaka ba, kuma kan da ya bugi kwalta ba ya tambaya ko na haya ne ko na gida.

Bayan titi akwai sauran hanyoyi. Akwai mai hawa gawo ko ɗorawa don ya saro wa dabbobi ganye da rani. Akwai yaron da ya hau mangwaro, da magini a kan tsani, da mahaƙin rijiya, da yarinyar da ta zamo daga kan soro. Akwai doki, a ranar hawan Fanisau ko a kilisar samari da hawan angwanci. Akwai kuma gora da ake sauke wa mutum a ƙeya a wurin faɗa. Gindin ƙoƙon kai ba ya karyewa da ƙaramin bugu. Duk inda aka same shi a karye, an san ƙarfi mai yawa ne ya ratsa kan, don haka dole a tuhumi ƙwaƙwalwa da wuya su ma.

Asalin sana'ar da yadda ake koyonta

Mutanen da ma sun san wannan rauni. Wata tsohuwar takardar likitanci ta ƙasar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kawo bayanin wanda ya fashe a ka, jini yana fita ta hancinsa da kunnuwansa, wuyansa ya sanƙare. A Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, ya yi bayanin karayar kai da kayan aikin da ake ɗebe ƙashi da su. Sai dai gindin kai ya ci gaba da gagarar masu wuƙa har zuwa ƙarni na ashirin. A 1926 ne Walter Dandy na Amurka ya bayyana yadda ya buɗe kai ya toshe kafar da ruwan ƙwaƙwalwa yake zuba ta cikinta.

A Nijeriya, Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sana'ar. Ya dawo daga Amurka a 1962 ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, ya rasu a 1974. A Arewa, sunan da aka fi dangantawa da ita shi ne Farfesa Bello Bala Shehu, wanda ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda likitoci da yawa suka koyi aikin. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi ne babbar matattarar irin waɗannan majinyata. Asibitin Murtala yana karɓar ɗimbin waɗanda haɗari ya rutsa da su, Asibitin Ƙashi na Dala kuma, wanda yake aiki tun 1959, ya shahara a kan ƙashi da gadon baya.

Hanyar koyo doguwa ce. Ɗalibi zai yi shekara shida a makarantar likitanci, irin ta Jami'ar Bayero, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa. Daga nan ne zai fara almajiranci na gaskiya, wajen shekara shida ko fiye a ƙarƙashin manya, yana rubuta jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma. Yakan fara da riƙe abin tsotse jini, sai ɗinkin fata, sai huda ƙashi, sannan a hankali a sakar masa wuƙa maigidansa yana tsaye a kansa. Kwana a asibiti ya zama jiki, domin haɗari ba shi da lokaci. Kafin ya tsaya da ƙafarsa, tsararrakinsa da suka shiga kasuwa sun daɗe da gina gida.

Ba kuma shi kaɗai yake aikin ba. Akwai likitan da yake karanta hoto, da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, da na ido, da na haƙori da muƙamuƙi, da mai sa barci a ɗakin tiyata, da masu gashin ƙashi. Akwai nas da take duba majinyaci kowane rabin sa'a ko sa'a guda cikin dare tana rubutawa. Sau da yawa ita ce take fara lura cewa ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya faɗi, ta tashi likita, a ceci rai.

Sa'ar farko a hannun likita

A ɗauka an shigo da matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai daga wani ƙauye na Ungogo, babur ya kayar da shi shekaranjiya. Mahaifinsa da yayansa ne suka riƙo shi. Likita ba ya fara kallon kai. Sai ya tabbatar hanyar numfashi a buɗe take, ƙirji yana ɗagawa, jini bai sauka ba, sannan a sa masa abin tallafe wuya, domin duk mai raunin kai ana ɗaukarsa mai raunin wuya ne har sai hoto ya wanke shi.

Sai awon hankali. Akwai ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a birnin Gilasgo a 1974, wanda duk duniya ake aiki da shi. Ana duba abu uku: buɗe ido, magana, da motsi. Lafiyayye yana da maki 15, wanda ya yi nisa ƙwarai yana da 3, daga 8 zuwa ƙasa kuwa rauni ne mai tsanani. Likita zai sunkuya ya ce, "Samari, yaya sunanka? Ina ne nan? Matse mini hannu." Zai haska tocila a kowane ido ya ga ko ƙwayar ta tsuke. Zai ɗaga yatsa ya ce a bi shi da kallo dama da hagu, sama da ƙasa. Zai ce, "Ɗaga gira. Runtse ido da ƙarfi. Washe haƙora. Zaro harshe." Kowane umarni gwajin wata jijiya ce daga cikin goma sha biyun nan.

Daga nan zai juya kunnen ya duba bayansa. Ga wani shaci baƙi-baƙi a kan ƙashin bayan kunne, alhali ba nan ne ya bugi ƙasa ba. Wannan alama tana ɗauke da sunan William Henry Battle, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1890, kuma ba ta fitowa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. 'Yar'uwarta ita ce baƙin zobe da yake kewaye idanu biyu ba tare da an naushi fuska ba. Zai sa madubin leƙa kunne, ya ga jini ya taru a bayan dodon kunne. Sai ya lura da tsumman da yaron yake ta goge hanci da shi.

"Baba, tun yaushe ruwan nan yake zuba?"

"Tun jiya, likita. Mun ɗauka mura ce ta kama shi."

"Ta hanci ɗaya ko biyu?"

"Ta dama kaɗai. In ya sunkuya sai ya ɗiga."

Yaron kuma ya ce yana jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, ba ya kuma jin ƙamshin komai. Majina takan yi yauƙi, in ta bushe ta sandarar da tsumma. Wannan ruwa kuwa tsinkakke ne garai. In ya haɗu da jini aka ɗiga shi a kan farin ƙyalle, jinin yakan tsaya a tsakiya, ruwan ya yi masa zobe. Wannan ishara ce kawai, ba hujja ba. Tabbaci sai da gwajin wani sinadari da ake samu a ruwan ƙwaƙwalwa, ba kuma kowane ɗakin gwaji yake da shi ba. Daga wannan lokaci likita zai kafa doka: kada a zura wa yaron nan bututu ta hanci, domin yana iya bin kafar ya shige cikin ƙwaƙwalwa. In ana bukata, a bi ta baki.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gindin kai da kyau, saboda ƙasusuwan wurin suna hawa kan juna. Abin da ya sauya sana'ar shi ne na'urar siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera. An fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, ta kuma jawo masa kyautar Nobel a 1979. Tana nuna kai yanka-yanka, har a ga tsagar da ba ta fi zare ba, da jinin da ya taru, da iskar da ta kutsa cikin ƙoƙon kai. In tsagar ta ratsa hanyar babbar jijiyar jini, sai a ƙara wani hoton da allurar rini don a ga lafiyar jijiyar.

Waɗanda ba a cika gani ba

Mafi yawan karayar gindin kai a ƙashin kunne take faruwa, sai hawan gaba. Amma akwai wasu da ba kasafai ake cin karo da su ba, kuma a kansu ake gane wanda ya ƙware.

Ta farko ita ce karayar ƙullutun ƙeya. Wasu ƙullutai biyu ne a gefen babbar kafa, su ne kai yake zaune da su a kan ƙashin wuya na farko. Charles Bell ne ya fara bayyana ta a 1817, bayan wani majinyaci ya faɗi matacce a daidai lokacin da ake sallamarsa daga asibiti, aka bincika gawarsa aka gano ta. Kafin zuwan siti-sikan, yawanci a gawa ake ganinta. A 1988 Anderson da Montesano suka kasa ta gida uku: wadda ƙullutun ya niƙe saboda nauyin da ya danno daga sama, da wadda tsaga ce ta gangaro daga ƙoƙon kai ta shiga cikinsa, da wadda igiyar da take ɗaure kai da wuya ta fizge ɓallin ƙashi. Ta ukun ce mai haɗari, domin kai yana iya gocewa daga mazauninsa. Mai ita yana iya zuwa da ƙafarsa, kukansa kawai ciwon ƙeya da kasa juya wuya. Wani kuma harshensa ya karkace, ko muryarsa ta dishe, ko ya riƙa shaƙewa in ya sha ruwa, saboda jijiyoyin harshe da maƙogwaro ta nan suke wucewa. In ƙashin bai goce ba, abin tallafe wuya mai tauri na mako shida zuwa goma sha biyu yakan wadatar. In ya goce, sai a kafe kai da ƙarfen da ake ɗaurawa daga ka zuwa ƙirji, ko a yi tiyata a haɗe ƙeya da wuya da ƙusoshi.

Ta biyu ita ce karayar gangaren ƙashin da yake can tsakiyar gindin kai, a gaban tushen ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Yakan tsage a tsaye, ko a gicciye, ko a karkace. Ta tsaye ta fi muni, domin tana iya matse jijiyar jinin da take shayar da tushen ƙwaƙwalwa, da yawa kuma ba sa kai labari. Wanda ya tsira yakan zo da ido ɗaya da ya ƙi juyawa waje, yana ganin abu biyu-biyu.

Ta uku ba ta bayyana sai an koma gida. Tsaga ta huda babbar jijiyar jini a bayan ido, jinin ya riƙa kwarara cikin wata jijiyar da ba ta saba da ƙarfinsa ba. Bayan kwanaki ko makonni sai ido ya yi ja, ya turo waje, mutum yana jin huci a cikin kansa daidai da bugun zuciyarsa. Digon maganin ciwon ido ba ya yi masa komai. Likitan da ya ɗora abin sauraro a kan fatar idon zai ji hucin da kunnensa. Gyaransa ta cikin jijiya ake bi da siririn bututu tun daga matsematsi, kuma wuraren da suke iya wannan aiki a ƙasar nan kaɗan ne.

Haƙuri kafin wuƙa

A koma kan matashin nan. Hoto ya nuna tsaga, amma babu jinin da ya danne ƙwaƙwalwa. Maganinsa kwanciya ce, a ɗaga kan gado wajen digiri 30. Ba face majina, ba tari da ƙarfi, ba yunƙuri a bayan gida, don haka ana ba shi abin da zai sassauta ciki. Ba shaƙa ruwa a alwala, ba sunkuyawa. Salla a kishingiɗe da nuni, rangwamen da shari'a ta yi wa maras lafiya. In ta kunne ruwan yake fita, ƙyalle mai tsabta ake ɗorawa a waje, ba a cusa auduga, ba a wankewa, ba a ɗiga komai. Ana bibiyar zafin jikinsa da taurin wuyansa. Bincike bai nuna cewa ɗirka maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin cuta ta bayyana yana hana sanƙarau ba, don haka likitoci da yawa sun fi son sa ido, su shiga da ƙarfi da zarar alama ta fito. Mafi yawan irin wannan yoyo yakan tsaya da kansa cikin mako guda zuwa kwana goma.

A nan ne dangi suke ƙosawa. Sukan ce an kwantar da yaro ba a yi masa komai, gara a koma gida a yi na Hausa. Likita nagari ba ya gajiya da bayani, zai zaunar da uba ya ce, "Baba, kwanciyar nan ita ce maganin. Ka ba ni kwana bakwai."

In yoyon ya ƙi tsayawa, sai a sa siririn bututu a gadon baya a rage ruwan na 'yan kwanaki. In hakan ya faskara, sai tiyata. A yau sau da yawa ta hanci ake bi. Ana zura sanda mai fitila da kyamara, likita yana kallon allo, yana bi a hankali har ya hango inda ruwan yake ɓulɓulowa, kafar da wani lokaci ba ta kai ƙwayar wake ba. Zai kankare gefenta, ya yanko ɗan kitse daga ciki ko tantani daga cinya ya toshe, ya shimfiɗa fatar cikin hanci a kai, ya sa gam na tiyata. In ɓarakar babba ce, sai a buɗe ta goshi. Cikin kayan aikin har da kakin da ake shafawa a bakin ƙashi don tsayar da jini, wanda asalinsa kakin zuma ne, Victor Horsley ya yaɗa amfani da shi tun 1892.

Akwai kuma inda jira haramun ne. Idan karaya a gefen kai ta tsinka jijiyar jini, mutum yakan suma, ya farfaɗo, ya yi magana har ya ci abinci, alhali jini yana taruwa tsakanin ƙashi da tantani. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai da amai, sai barci mai nauyi, sai ƙwayar ido ɗaya ta buɗe. In aka buɗe kan da wuri aka kwashe gudan jinin aka ƙone bakin jijiyar, mutum yakan tashi garau. In aka makara, sai dai a yi haƙuri. Ita ma shanyewar ɓarin fuska da karayar gindin kai take jawowa iri biyu ce. Wadda ta zo bayan kwanaki kumburi ne, yawanci takan warke da magani. Wadda ta zo nan take tana iya nufin jijiyar ta tsinke ko ƙashi ya soke ta, a nan ana iya bukatar tiyata. A kowane hali sai an kula da idon da ba ya rufuwa, kada ya bushe ya lalace.

Abin da yake ci wa sana'ar tuwo a ƙwarya

Na farko ƙarancin hannu. A Nijeriya, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗaya yana fuskantar mutum wajen miliyan guda ko fiye, wasu daga cikin waɗanda aka horar kuma suna ficewa zuwa Saudiyya da Ingila. Na biyu kuɗi. Hoto da gado a sashen kulawa ta musamman sun fi ƙarfin manomin da abin hannunsa bai wuce buhunan gero da 'yan awaki ba, ko da yake dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa.

Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne makara. Ungogo a bakin birni take, amma majinyaci yakan yi kwanaki kafin ya iso. An ciccibe shi daga titi an naɗe shi a adaidaita sahu, wuya yana lilo. An kai shi kemis an yi allurar kashe zafi. An kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya don a cire mataccen jini. Baki ya karkace an ce iska ce, an shiga hayaƙi da shaƙe-shaƙe ta hancin da yake buɗe har ƙwaƙwalwa. Duk cikin ƙauna ake yin waɗannan, amma kowannensu yana cin lokaci, wasu kuma suna ƙara ɓarna. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, ana iya yinsu a bakin gado. Maɗori da wanzami da mai kemis da suka ga raunin kai suka ce a wuce asibiti yanzu, sun yi rabin aikin ceton.

Hular kwano ma tana cikin maganar. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa ta a watan Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu, daga baya abin ya bi ruwa. Alhali alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Wannan sana'a ta cancanci a girmama ta, a kuma ƙara mata hannu. Gwamnati ta sa na'urar hoto mai aiki da motar ɗaukar marasa lafiya kusa da jama'ar arewacin Kano, masu hali su ɗauki nauyin karatun 'ya'yan yankin da suke da ƙwazo, hakimai da limamai su mayar da hular kwano abin faɗakarwa. Kai kuma mai karatu, in ka tarar da haɗari, ka kira lambar 122, kada ka bari a lanƙwasa wuyan wanda ya faɗi, a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya yana riƙe da kansa. Duk wanda ya bugu a ka, sannan aka ga ruwa ko jini ta hanci ko kunne, ko baƙin shaci a idanu ko bayan kunne, ko amai, ko barci mai nauyi, ko karkacewar baki, a kai shi babban asibiti a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa.